Tikitin Araha da Sallar Magariba: Nasiha ga Mai Dawowa Gida a Jirgi Cikin Ɗari

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya naɗe mana nisan ƙasa, har tafiyar da kakanninmu suke share shekaru suna yi a ƙafa da bisa raƙuma ta koma ta wuni guda. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa jama'ar masallaci, na Birnin Ƙonni da Tsarnawa, na Malbaza da Dogarawa da Galmi, na Illela da Badagishiri da Tajaye, da ku da kuke karanta mu daga wajen biɗa: ɗari ya shigo, hazo ya rufe gari. Wannan shi ne lokacin da mutanenmu da yawa suke zaɓa domin zuwa Umara, saboda zafin Makka ya sauka, tsoho da tsohuwa suna iya ɗawafi da sa'ayi ba tare da sun galabaita ba. Haka kuma ɗalibai da ma'aikata da ƴan kasuwa suna samun sararin leƙowa gida. Kusan kowa a cikinsu, idan ya zo sayen tikitin jirgi, tambayarsa guda ce: wanne ne ya fi araha?

Tambayar ba ta da aibi. Tattali abin yabo ne, kuma jika ashirin ko talatin da mutum ya rage a kan tikiti hatsin gida ne. Sai dai ina roƙonka, ya ɗan'uwa, ka riƙa haɗa ta da tambaya ta biyu: a ina magariba za ta same ni, a ina zan yi isha'i, a ina asuba za ta riske ni? Ra'ayin da zan tsaya a kansa a wannan rubutu shi ne, wanda ya auna kilon kayansa, ya ƙirga kuɗin tikitinsa, amma bai ƙirga sallolin da ke cikin tafiyarsa ba, to bai gama shiri ba. A wurin sayen tikiti ake fara tsara sallar matafiyi. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sa na ɗauko maganar abu ne da na gani da idona. Mun taso daga Jidda bayan la'asar, cikin watan sanyi, za mu sauka Yamai. Dattijon da ke gefena ya duba agogonsa, wanda yake kan lokacin Saudiyya, ya ga shida ta yi, sai ya kabbara magariba daga zaune, alhali rana tana haska fuskarsa ta taga. A bayanmu kuma wasu samari suna cewa su kam sai an isa gida za su rama gaba ɗaya. Da muka sauka, kowa ya ruga neman kaya, daga nan sai layin ƴan duwan, daga nan sai tashar mota. Sai da dare ya raba, muna zaune a tasha, wani daga cikinsu ya tuna ko la'asar bai yi ba. Waɗannan fa mutane ne da suka kwana goma a Harami kabbarar farko ba ta wuce su. Ba ƙin salla ne ya kai su ga haka ba. Babu wanda ya zaunar da su ya faɗa musu abin da za su tarar.

*Mene ne jirgin araha?*

Kamfanonin da suke sayar da tikiti mai sauƙin kuɗi ba sadaka suke yi ba, ragewa suke yi daga wasu abubuwa. Suna matse kujeru domin jirgi ya ɗauki mutane da yawa: jirgi irin Airbus A320 yana iya cin kujera 180, hanya guda ce siririya a tsakiya, makewayi kuma ƴan kaɗan ne ga wannan taro duka. Abinci da ruwan sha sau da yawa saya ake yi. Kaya ana biya musu daban. Galibi babu allon da ke nuna inda jirgi yake, balle ya nuna alƙibla. Lokutan tashinsu kuma sukan faɗa a sa'o'in da ba kowa ke so ba, ko kuma a haɗa maka tafiya da doguwar jira a wani gari. Duk wannan halal ne, ciniki ne da aka yi da yardarka. Amma ka lura, abubuwan da aka rage su ne ainihin waɗanda mai salla yake buƙata: ruwa, da wurin tsayuwa, da sanin lokaci da alƙibla. Wanda ya san haka tun a gida, zai tanadi abin da ya rasa tun a ƙasa.

*Agogonka ba shi ne limaminka ba*

Allah ya sanar da mu a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 103, cewa salla farilla ce mai ƙayyadaddun lokuta a kan muminai. Kuma abin lura, ayar ta zo ne a ƙarshen bayanin sallar matafiyi da sallar tsoro, wato ko a fagen fama ba a ɗauke lokaci ba. Shari'a ta rataya waɗannan lokuta ga rana da shafaƙi da alfijir a wurin da kai kake a wannan sa'a. Agogo hadimi ne kawai, yana yi mana fassarar abin da ke sama. Idan ka bar garin da aka saita shi, fassararsa ta daina zama daidai.

Ga misali a fili. Tsakanin Jidda da Yamai akwai kusan kilomita 4,000, tafiyar awa biyar da rabi zuwa shida. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Jidda kafin ƙarfe 6 na can, a Ƙonni wajen 6 da kwata namu, a Yamai wajen 6 da rabi, domin Yamai tana yamma da mu. Jirgin da ya nufo yamma bin rana yake yi. Gudunsa wajen kilomita 800 ne zuwa 900 a awa, kusan rabin saurin da duhun magariba yake yi yana mamaye ƙasa a wannan yanki. Saboda haka duhun zai cim masa, amma a makare. Idan ka tashi Jidda ƙarfe 4 na yamma, saura ƙasa da awa biyu rana ta faɗi a can, amma kai a sama za ka ci gaba da ganinta kusan ninkin wannan. Ƙari a kan haka, wanda yake sama da ƙasa da kilomita goma ko sha ɗaya yana hangen rana na wasu mintoci bayan ta ɓace wa mutanen garin da ke ƙarƙashinsa. Muddin kana ganin ƙwayar rana, magariba ba ta yi maka ba, ko da agogo ya ce bakwai ta wuce. Sallar da aka yi kafin lokacinta ba ta sauke farilla.

Wannan hukunci ya shafi mai azumi ma, kuma ya kamata mu kula da shi yanzu, tunda Ramadan yana matsowa cikin ɗari da kusan kwana 11 kowace shekara. Mai azumi a jirgi ba ya buɗe baki da agogon garin da ya baro ko na garin da ya nufa, sai ya ga rana ta faɗi daga inda yake. Idan wunin ya yi masa tsawo har ya wahala, shi matafiyi ne, Allah ya yi masa rangwamen ya sha ya rama.

Wanda ya taso daga arewa, kamar Kasabalanka ko Aljas ko Tunis, lissafinsa daban ne, domin a can wunin sanyi gajere ne: azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa da kusa, kana tsaye a layin bincike sai ka ga biyu sun wuce ka. Wanda kuma ya nufi gabas, lokuta gudu suke yi masa. Kowace hanya da nata lissafi, kuma lissafin minti biyar ne ga wanda ya zauna ya yi shi.

*Rangwamen da Allah ya yi maka*

Matafiyi ba a bar shi haka nan ba. Littattafan da muka tashi da su a zaure, tun daga Iziyya da Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani har zuwa Muhtasar na Shehu Halilu, sun yi bayanin sallarsa dalla-dalla. Na farko akwai ƙasaru: azahar da la'asar da isha'i su koma raka'a bibbiyu, magariba tana nan uku, asuba tana nan biyu. Sharaɗinsa tafiya ta halal mai nisan mil 48, wato kilomita tamanin da ƴan kai, kuma a mazhabar Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi. Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi mamakin yin ƙasaru bayan tsoro ya gushe, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka sanar da shi cewa sadaka ce daga Allah, a karɓe ta.

Na biyu akwai haɗa salloli biyu, azahar da la'asar, ko magariba da isha'i. Ya zo a Muwaɗɗa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan haɗa magariba da isha'i idan tafiya ta matsa masa, kuma ya haɗa salloli a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Ga yadda malamanmu suka tsara shi, idan muka ɗora shi a kan tafiyar maraice:

Idan rana ta faɗi kana filin jirgi ba ku tashi ba, kuma ba za ku sauka ba sai bayan alfijir, ka yi magariba, ka jawo isha'i ka haɗa su a nan kafin ka shiga.

Idan za ku sauka kafin kashi ɗaya cikin uku na dare ya wuce, ka yi magariba a filin jirgi, ka bar isha'i sai kun sauka. Idan saukar bayan haka ce amma kafin alfijir, kana da zaɓi, ka gabatar da isha'in ko ka jinkirta ta. Shawarata ga mai jirgin araha ya gabatar, domin jinkiri da gajiya ba su da tabbas.

Idan kuma rana ta faɗi kuna sama, alhali za ku sauka kafin alfijir, ka ƙulla niyyar jinkirta magariba, ka haɗa ta da isha'i da zarar ƙafarka ta taka ƙasa. Wannan shi ne halin wanda ya taso Jidda ƙarfe 4: ya yi azahar da la'asar kafin ya shiga, ya sauka Yamai wajen ƙarfe 8 na dare agogon Nijar, ya yi magariba uku da isha'i biyu a filin jirgin Diori Hamani. Bai rasa komai ba, bai takura wa kowa ba.

Gaskiya ce Muhtasar ya keɓe rangwamen haɗi ga tafiyar tudu ban da ta teku, shi ya sa za ka ji malamai sun yi magana a kan jirgin sama. Da yawa daga malaman zamani sun riskar da shi ga tafiyar tudu, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa sun halatta haɗi a duk tafiyar da ake ƙasaru a cikinta. Abin da babu wani malami da ya halatta shi ne haɗa la'asar da magariba, ko isha'i da asuba, ko tara salloli huɗu a kai su gida kamar tsaraba.

*Alwala cikin sanyi da matsi*

Ka yi alwalarka a filin jirgi kafin a kira ku, inda ruwa yake a yalwace. Ka tuna barci mai nauyi yana warware ta, kuma jirgin dare wurin barci ne. Idan ta warware, ruwan makewayin jirgi ya isa ga wanda ya san farillai: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon jinkiri ba. Wanki ɗaya da ya game gaɓa ya wadatar. Kada ka malale wurin da ruwa, domin na bayanka zai iya zamewa, cutar da mutane kuwa haramun ce a ƙasa da sama.

Cikin ɗari kowa da safa a ƙafarsa. Ka sani a mazhabar Malik huffin fata ake shafa a kai, wanda aka sanya bayan cikakkiyar alwala da ruwa. Safar zare ba ta wadatarwa a wurinsu, ko da yake wasu malaman sun halatta mai kauri. Huffi kuwa ana sayar da shi a kasuwannin Makka da Madina, kuma ga tsoho da ɗaga ƙafa a matsattsen makewayi yake yi wa wuya, ya fi masa wani tarkacen tsaraba amfani.

Idan ruwa ya gagara, sai taimama. A wurinmu ana yin ta ne da abin da yake jinsin ƙasa, kamar turɓaya ko rairayi ko dutse, ba a yi a kan kujera ko darduma. Ƙaramin dutsen taimama a aljihun jaka ya warware matsalar, in masu bincike suka bar ka da shi. Ba a yin ta sai lokaci ya shiga, kuma kowace farilla da tata taimama. Kada kuma tsoron warwarewar alwala ya sa dattijo ya ƙi shan ruwa awa shida, iskar cikin jirgi busasshiya ce. Wanda yake fama da yoyon fitsari da ke ɗaukar rabin lokaci ko fiye, malamanmu sun ce wannan ba ya warware masa alwala.

*Idan babu makawa sai a sama*

Akwai sallar da ba ta jira: asuba idan rana za ta fito kafin ku sauka, ko la'asar idan rana za ta faɗi. A nan sai ka yi ta a cikin jirgi. Shehu Muhammadul Amin Asshanƙiɗi, mai tafsirin Adwa'ul Bayan, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 1393 bayan hijira, ya rubuta risala ta musamman yana tabbatar da ingancin salla a jirgin sama, kuma a kan haka mafi yawan malaman zamani suke. Ka nemi izinin ma'aikatan jirgi cikin ladabi, ko za su ba ka ɗan wuri ka tsaya raka'a biyu. Ka tambaye su inda gabas take. Mai tasowa daga Jidda zuwa Yamai alƙibla tana bayansa, mai gangarowa daga Aljas tana hagunsa. Idan suka hana, ko fitilar ɗaura ɗamara tana kunne, ko iska tana jijjiga jirgi, ka zauna a kujerarka ka yi da nuni, sujada ta fi ruku'u sunkuyawa, ka fuskanci alƙibla gwargwadon ikonka. Hujjarka hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito, inda aka umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Idan ka sauka ka sake ta domin fita daga saɓanin malamai, ka kyauta.

A nan ina jan kunnen ɗaya ɓangaren ma, masu zafin da ya wuce iliminsu. Wanda zai shimfiɗa darduma a tsakiyar hanya ya tare mutum ɗari da wani abu, ko ya yi gardama da ma'aikaciya jirgi na shirin sauka, ko ya tashe masu barci da ɗaga murya, bai taimaki salla ba, ya sa an ƙyamace ta ne. Dokokin tsaron jirgi domin kare rai aka sa su, kare rai kuwa yana cikin manyan manufofin Shari'a. Da ka karɓi tikiti ka ɗauki alkawarin bin su, mumini kuma ba ya saɓa alkawari.

*Abin da za a ce mini*

Wani zai ce: ai addini sauƙi ne, in na isa gida na rama. Amsa ita ce, sauƙin shi ne abin da muka lissafa: ƙasaru, haɗi, taimama, salla a zaune. Wanda ya ba da sauƙin shi ne ya iyakance shi. Ramuwa ba tare da zunubi ba an yi ta ne ga wanda barci ya kwashe ko ya manta. Wanda ya shiga jirgi da niyyar bari tun farko bai manta ba. Ramuwar tana kansa dole, tuba ma tana kansa.

Wani kuma zai ce: talaka ba shi da zaɓi, abin da aljihunsa ya iya shi zai saya. Wannan gaskiya ce, kuma ban ce ka sayi mai tsada ba. A mafi yawan lokaci tikitin araha bai hana ka komai ba in ka shirya. Amma idan tikiti biyu suna gabanka, bambancinsu kaɗan ne, ɗaya zai sa asuba ta same ka a matse tsakanin mutum biyu, ɗaya kuma zai sauke ka da sauran dare, to ka sa wannan a ma'auni kamar yadda kake sa kilon kaya. Mun sha ganin mutum ya biya kuɗin ƙarin jaka domin dabino da turare ba tare da ya yi ciniki ba. Sallarsa ba ta kasa dabino daraja ba.

*Bayan an sauka*

A nan ne aka fi yin asara. Ka tsaya ka sauke magariba da isha'i kafin ka fita neman mota. Daga Yamai zuwa Ƙonni kusan kilomita 420 ne, ta Doso da Dogon Dutsi, saboda haka har yanzu kai matafiyi ne, kana ƙasaru, sai fa idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Yamai, ko kana da matar da ta tare a can. Haka hukuncin yake ga wanda ya sauka Sakkwato ya biyo ta Illelar Najeriya, ko ya sauka Kano. Idan ka bi limamin gari, ka cika huɗu tare da shi. Idan kar ɗinku ta asuba ce, ka san inda za a tsaya salla kafin rana ta fito, ka yi wa direba magana da wuri. Ƙasarunka yana ƙarewa idan ka iso gine-ginen garinku. Sallar da ta kuɓuce maka a hanya kuwa, a yadda ta kuɓuce za ka rama ta, raka'a biyu, ko da kana cikin ɗakinka.

Kada ka manta da ladubban dawowa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa tafiya yanki ce ta azaba, kuma an umarci wanda ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. An hana wanda ya daɗe ba ya nan ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, malamai kuma sun ce idan sun san da zuwansa babu laifi, to ka kira su tun daga hanya. Ka'abu ɗan Malik ya ba da labari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya dawo daga tafiya da masallaci yake farawa, ya yi raka'a biyu. Wannan sunna ta yi ƙaranci a cikinmu. Kuma awannin nan da kake zaune a jirgi babu abin yi, ka cika su da zikiri da addu'a, domin addu'ar matafiyi tana cikin waɗanda ake amsawa.

*Roƙona*

Ga ƴaƴan da suke Abijan ko Legas ko Libiya suna biya wa iyayensu Umara: Allah ya saka muku da alheri, amma aikinku bai ƙare a tura kuɗi ba. Ku duba lokacin tashi da na sauka, ku kira Baba ko Inna ku faɗa musu da baki: ga inda za ku yi kaza, ga inda za ku haɗa kaza. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga jirgi ba kunya za ta hana ta tambaya.

Ga limamanmu da kwamitocin masallatai: duk wanda ya zo sallama zai yi tafiya, bayan addu'a a ba shi minti goma na wannan babi. Ga masu kamfanonin kai mutane Hajji da Umara: kamar yadda kuke gaya wa matafiyi yawan kilon da aka yarje masa, ku gaya masa inda kowace salla za ta same shi, ku sa jagoran ayari ya tsayar da mutane su yi salla kafin shiga da bayan sauka. Amana ce a wuyanku, kuma ba ta cin ko dala.

Ga kai kuma mai tafiya: kafin ka biya, ɗauki takarda ka rubuta lokacin tashi da na sauka, kowanne da agogon garinsa, ka jera sallolin da ke tsakani, ka sa wa kowace wurinta. Abin da ya shige maka duhu ka kai wa malaminka, matambayi ba ya ɓata. Alamar karɓuwar Umara ana fara ganinta ne a sallar farko bayan an bar Harami.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyaran malamai. Allah ne mafi sani. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya sanya mu da zuriyarmu cikin masu tsayar da salla a gida da hanya. Wanda yake da ɗan'uwa mai shirin tafiya cikin wannan sanyi, ya tura masa kafin ya sayi tikiti.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.